Kurakuran da ɗalibai suka fi yi da kalmomin nazarin Turanci da adabinsa

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun jarrabawar adabin Turanci a gabansa, jan biro a hannu, ya san wannan jimlar: "Mawaƙin ya yi amfani da simili da metafo domin ya ƙawata waƙarsa." Ka same ta a takarda ta farko, ka same ta a ta goma, ka same ta a ta arba'in, sai ka ce baki aka haɗa. Ɗalibin bai yi ƙarya ba. Damuwar ita ce wannan jimlar za ta hau kan kowace waƙa a duniya, don haka ba ta faɗi komai a kan wadda aka tambaya ba. Na daɗe ina koyar da masu shirin WAEC da NECO, kuma a nan ne na ga maki ya fi zubewa: yaro ya haddace sunayen dabaru tiryan-tiryan, ya ɗauka da ya ambaci sunan ya gama aiki.

Kiran sunan dabara a tsaya

A ce an ba ka ɗango mai cewa "The city swallowed my brother", wato birni ya haɗiye ɗan'uwana. Amsar da aka fi gani ita ce: "Wannan metafo ne." An ci rabin maki, ko ma ƙasa da haka. Mai duba takarda yana jiran abu uku ne: kalmar da ta ɗauki nauyin, sunan dabarar, da abin da ta aikata a wurin. Sai ka ce aikatau ɗin haɗiyewa ya mai da birnin wata dabba mai ci ba ta ƙoshi, ya mai da ɗan'uwan lomar tuwo, kuma abin da aka haɗiye ba ya dawowa, saboda haka mai maganar ya riga ya fid da rai. Ka ga yanzu sunan dabarar ya zama ƙaramin abu a cikin amsar, kuma matsayinsa ke nan. Gwaji mai sauƙi: bayan kowace dabara da ka ambata, tambayi kanka "to sai me?" In ba ka da amsa, ba ka gama ba.

Kamance da siffantawa

Wanda ya yi Hausa a sakandare ya riga ya san waɗannan biyun. Simili shi ne kamance: "Audu kamar zaki yake." Metafo shi ne siffantawa: "Audu zaki ne." Kuskuren yana zuwa ne daga ƙa'idar da aka haddace cewa duk inda ka ga "like" ko "as" to kamance ne. Sai ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin "I like rice", alhali mutum ne kawai ke son shinkafa. Haka in aka ce yaro ya kai tsawon ubansa, awo ne na zahiri, ba adon harshe a ciki. Kamance yana buƙatar abubuwa biyu da ba jinsinsu ɗaya ba, mutum da zaki, zuciya da dutse.

Karangiya da amsa-amo: kunne ake bi

Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, shi ya sa ido ke yaudarar mai karatu. Maimaita sautin farkon kalmomi, abin da muke kira karangiya a nazarin waƙar Hausa, da sauti ake auna shi. "Phone" da "fish" sun yi karangiya duk da harufansu na farko sun bambanta. "City" da "cat" ba su yi ba, haka "knife" da "kite". Akwai kuma tarkon da ya keɓanta da mu: Hausa ba ta raba sautin p da na f, saboda haka Bahaushe zai iya jin "pen" da "fan" sun fara da sauti ɗaya. Ga Bature ba haka ba ne, kuma kunnen Bature aka yi waƙar dominsa.

Amsa-amo ma haka. A rubutacciyar waƙar Hausa sau da yawa gaɓar ƙarshe ta wadatar, a yi ta ƙarewa da "wa" ko "ba" har waƙa ta ƙare. A Turanci daidaiton yana farawa ne daga wasalin ƙarshe da aka ƙarfafa har zuwa ƙarshen kalma. "Singing" da "running" duk sun ƙare da gaɓa iri ɗaya amma ba cikakken amsa-amo ba ne. "Singing" da "ringing" su ne. "Though" da "rough" kuwa a takarda kawai suke kama. Karanta a bayyane kafin ka yanke hukunci, ko da a zauren jarrabawa ne ka motsa leɓe.

Karin waƙa, inda ilimin aruli ke iya kai mutum ya baro

A nan ne ɗalibai masu ƙoƙari suka fi faɗawa, musamman waɗanda suka yi makarantar Islamiyya ko suka karanci waƙa a ajin Hausa. Arulin da Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, wanda marubuta waƙoƙin Hausa suka ɗauka suka yi aiki da shi, yana auna nauyin gaɓa ne: wannan mai nauyi, wannan marar nauyi. Hausa ta karɓi wannan ma'aunin cikin sauƙi domin ita ma tana bambanta dogon wasali da gajere. Turanci ba da wannan mudun yake awo ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne gaɓar da aka danna da murya da wadda aka wuce ta sama-sama. Ɗauki kalmar "record": in ka danna gaɓar farko suna ce, in ka danna ta biyu ta zama aikatau. Harufa ba su canza ba, wurin dannawa ne ya canza.

Karin da ya fi yawa a tsofaffin waƙoƙin Ingila shi ne wanda ake kira ayambik fentamita: ƙafa biyar a ɗango, kowace ƙafa gaɓa biyu, ta farko a sake, ta biyu a danne, kamar yadda ake furta "today". Jimla gaɓa goma. Ɗalibai kan ƙirga goma su rubuta sunan karin su wuce, ba tare da sun duba inda dannawar ta faɗa ba. Ga shi kuma wurin da mawaƙi ya karya tsarin shi ne wurin da ya fi cancantar magana, domin da gangan yake sa harshenka ya yi tuntuɓe a kan kalmar da yake son ka lura da ita.

Daga nan sai rikicin "blank verse" da "free verse", waɗanda kusan kowace shekara sai an musanya su. Na farko yana da kari, amsa-amo ne kawai babu. Da shi Shekisfiya, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, ya rubuta yawancin wasanninsa, da shi John Milton ya rubuta Paradise Lost da ta fito a 1667. Na biyu ba shi da tsayayyen kari kuma ba shi da tsarin amsa-amo, irin wanda Walt Whitman ya yi fice da shi a Amurka tun daga 1855.

Waƙar da ake kira sonet ma ba a gama da ita da cewa "ɗango 14 ce". Ta Italiya, wadda ake jingina wa mawaƙi Petrarch, takan rabu takwas da shida. Ta Shekisfiya, wanda aka buga masa guda 154 a 1609, takan zo da 'yan huɗu sau uku sannan 'yar tagwai a ƙarshe. Amfanin sanin rabon shi ne ka gano inda tunanin mawaƙin ya juya, domin a wannan kwanar ma'anar take.

Jigo

Mun saba a ajin Hausa a ce jigon waƙa kaza wa'azi ne, ko soyayya, ko siyasa, sannan a zo warwarar jigo. Ɗalibi sai ya ɗauko rabin farko ya bar na biyu, ya rubuta "jigon littafin shi ne kishi" ya sa aya. Kishi maudu'i ne. Abin da ake nema shi ne me littafin ya nuna game da kishin: cewa ba ya buƙatar hujja kafin ya yi ɓarna, alal misali, ko cewa ya fi kama wanda dama bai yarda da matsayinsa a cikin mutane ba. Wasu kuma sukan mai da jigo nasiha, su ce "jigon shi ne mu guji kishi". Wannan ƙarshen tatsuniya ne. Marubuci yana iya nuna abu ba tare da ya hau mumbari ba.

Babban ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne ba da labari. An tambaye ka rawar da wani tauraro ya taka, ka cika shafi biyu da "sai ya je, sai ya dawo, sai aka kashe shi". Mai dubawa ya karanta littafin, wataƙila sau goma. Ɗauko aukuwa biyu ko uku kawai a matsayin shaida.

Marubuci daban, mai magana daban

"Ni" ɗin da ke cikin waƙa ko labari ba lallai ne ya zama marubucin ba. A 1729 Jonathan Swift ya fitar da wata maƙala inda mai maganar, cikin natsuwa da lissafi, yake ba da shawarar talakawan Ailan su riƙa sayar da jariransu masu kuɗi su ci. Na taɓa samun takardar da ɗalibi ya rubuta cewa wannan marubucin ba shi da imani. Swift zambo yake yi wa masu mulki da masu gonaki da suka bar mutane cikin yunwa; ya ƙirƙiri mai maganar ne don mu tsane shi. Saboda haka rubuta "mai magana" a waƙa, "mai ba da labari" a ƙagaggen labari, ka ajiye sunan marubuci sai inda kake maganar zaɓin da ya yi.

Wannan ya kawo mu ga "tone" da "mood". Na farko shi ne yadda mai maganar ya ɗauki abin da yake faɗa: da raini, da tausayi, da izgili. Na biyu shi ne yanayin da ya lulluɓe mai karatu. A maƙalar Swift muryar a sanyaye take, mai karatu kuwa tsigar jikinsa tashi take.

Aironi

Babu kalmar da ake wulaƙantawa kamar aironi, wato saɓani tsakanin abin da aka faɗa ko aka zata da ainihin abin da yake. Bahaushe ya san nau'inta na farko sarai: gatse. Yaro ya fasa tulu, uwarsa ta dube shi ta ce "Madalla, sannu da aiki." Nau'i na biyu na wasan kwaikwayo ne, inda 'yan kallo suka san abin da tauraro bai sani ba. A wasan Othello na Shekisfiya muna jin Iago yana ƙulla wa Othello makirci, sannan muna kallon Othello yana yaba gaskiyar Iago. Duk yabo ɗaya sai cikinmu ya ƙara ɗurar ruwa. Na uku shi ne inda al'amari ya juye ya zama kishiyar abin da ya kamata, kamar ofishin 'yan kwana-kwana ya ƙone ƙurmus. Amma motar haya ta lalace da kai ranar jarrabawa, wannan tsautsayi ne kawai, kada ka sa masa babban suna.

Jarumi da bos

Finafinan Indiya da na Kano sun koya mana cewa akwai jarumi akwai mugu, sai ɗalibai suka fassara "protagonist" da mutumin kirki. Ma'anarsa wanda labari ke tafiya a kansa. A wani wasan Shekisfiya, Macbeth ya kashe sarkin da ya sauka a gidansa, kuma shi ne tauraron wasan. Tirajedi ma ta wuce "labari mai ban tausayi": tun daga Aristotal na Girka ana kallonta a matsayin faɗuwar mutum mai daraja ta dalilin wani kuskure nasa. Kwamedi kuwa a wurin Shekisfiya ba yawan dariya ke tabbatar da ita ba, ƙarshenta ne, inda rikici ke warwarewa, galibi da aure.

Ɓangaren nahawu

A nan kuskure ɗaya ne ke haifar da sauran: yanke wa kalma aji daga siffarta. An ce duk mai ƙarewa da "ly" bayanau ce, sai ga "friendly" da "lovely" sifofi ne, ga "fast" tana zama bayanau ba tare da wannan wutsiyar ba. "Water" suna ce in ana sha, aikatau ce in ana ba shuka. Dubi aikin da kalmar ke yi a jimlar da ke gabanka.

Sannan a daina rikita "passive" da shuɗaɗɗen lokaci. Jimla tana iya zama a kowane lokaci kuma ta juya ta sa wanda aka yi wa aiki a gaba. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne "an": an kashe mutum uku, an kwashe kuɗin. Wa ya kashe? Wa ya kwashe? Jimlar ta yi shiru. In ka gamu da irin wannan ginin a nassin da aka ba ka, musamman sanarwar hukuma ko rahoton jarida, bayan ka kira sunansa sai ka faɗi wanda aka ɓoye, da wanda ɓoyewar ta amfana.