Farin ɓawon buta ba shi ne abin tsoro ba: kurakuran da aka fi yi da ruwan famfo

Birnin Kano yana shan ruwan kogi da ake tacewa a Tamburawa da Challawa, amma a garuruwa irin su Gumel da Haɗeja, da ƙauyukan Kano masu yawa, ruwan famfo daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa: a haƙa burtsatse, a tura ruwa tanki, a sako wa unguwanni. Ruwan da ya daɗe a cikin ƙasa yakan kwaso kalsiyam da magnesiyam. Su ne ke hana sabulu kumfa, su ne kuma ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi.

Babban kuskure a nan yake. Uwargida ta leƙa buta ta ga fari ya kama, ta ce wannan abu haka zai taru a ƙoda ya zama tsakuwa, sai gida ya koma ɗiban ruwan rijiyar da ba murfi, wai ya fi daɗi a baki. An gudu daga ruwan da ba ya cutarwa, an faɗa wa mai kawo taifod da amai da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa waɗannan sinadarai iyaka don lafiya ba. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa miligiram 150 a kowace lita, amma damuwar ta sabulu ce da bututu da ɗanɗano. Mai tsoron tsakuwar ƙoda ya ji tsoron ƙin shan ruwa isasshe a zafin Afrilu. Ita kuwa buta, a matsa lemon tsami a ruwa a tafasa a ciki, ɓawon zai saki.

Haka wajen girki. Wake yakan yi taurin kai a irin wannan ruwa, sai a yi ta ƙara kanwa har ɗanɗano ya ɓaci. Jiƙa shi tun dare ya fi. Wanki ma, garin omo ya fi sabulun sanda aiki a nan.

Sai alif. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an kaɗa alif ruwa ya kwanta ya yi garau, magana ta ƙare. Alif laka yake tarawa ya kai ƙasa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka cika shi ma, ruwan ya yi bauri. Bayan ya kwanta a tsiyaye a wani mazubi, sannan a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Ɗan warin kulorin da ake ƙi, shi ne shaidar maganin na nan.

Tafasawar ma tana da iyaka. Ba ta cire zartsi, ba ta cire sinadarin naitiret da ke tsattsafowa daga salga da takin zamani. Ƙara yawansa take yi, domin ruwa ne ke tashi shi ya zauna. Haɗarinsa ya fi kan jariran da ba su kai wata shida ba idan da wannan ruwa ake dama musu madara. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Shi ya sa ake son tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya, abin da a cikin gari ake yawan take shi, musamman idan salgar maƙwabci ce ta bayan katanga.

Akwai wanda kusan kowa ke yi: ana kawo ruwa bayan kwana biyu babu, yara su ruga da jarkoki su tari na farko. Bututun da ya zauna ba ruwa yakan zuƙo ƙazanta ta inda ya fashe, kuma da yawa ta cikin kwata suka bi. A bar na farkon ya zuba a bokitin wanki ko shuka har ya washe. Masu jona injin kai tsaye a bututu don su ja ruwa da ƙarfi, su ne ke ƙara wannan zuƙowa, ga kuma hana na ƙarshen layi samu.

Idan ruwa ya fito fes amma ya yi ja bayan ya zauna, ƙarfe ne a ciki. Kada a zuba wa farar shadda bilic, tabon zai ƙara kamawa. A bar ruwan ya kwana a buɗe, a ɗebi na sama.

Ruwa mai kyau ma a gida yake lalacewa. Moda ɗaya, yaro ya sha ya ajiye a ƙasa, wani ya ɗauka ya tsoma a randa har da hannu. A ware moda mai mariƙi ta ɗiba kawai, a rataye ta. Tankin sama kuma a hau a duba murfinsa. Wasu tun da aka ɗora su ba a taɓa wankewa ba.

Masu tallan na'urar tace ruwa kan zo da ɗan abu kamar biro su tsoma a kofi, lamba ta fito, su ce ruwanka guba ne. Abin da ya narke a ruwa kawai yake aunawa, bai san ƙwayar cuta ba. Idan unguwa na shakka, a yi karo-karo a kai ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a, a ce a duba ƙwayoyin cutar bayan gida da naitiret, kuma a fi yin haka da damina.