In za ku shiga yashi da mota

'Yan uwa masu zuwa yawon buɗe ido jigayin Birniwa da Maigatari, kafin ku bar kwalta ku rage iskar taya kaɗan, sai ta baje a kan yashi maimakon ta nutse. Giya ta biyu, a hankali, ba tsayawa. In mota ta kafe, don Allah a daina taka totur, rami kawai take haƙa wa kanta. A tone gaban taya, a shimfiɗa kara ko tsohuwar tabarma. Ni dai shebur da jarkar ruwa ba sa barin motata.

Da damina kar ku faka cikin kwari ko gari garau yake, ruwan da aka yi can nesa yakan ƙwaco ba sallama. Kun dawo kwalta, mai faci ya mayar da iska.