Yadda za ka ɗauki hoton eksire mai kyau ba tare da maimaici ba

In kana aiki a ɗakin hoto ko yanzu kake koyo, ka sani yawancin hotunan da ake maimaitawa ba na'ura ce ta ɓata su ba, tsayuwar mara lafiya ce ba ta yi daidai ba ko kuma ya motsa. Kuma duk maimaici ƙarin radiyeshin ne a jikin ɗan Adam, shi ya sa abin yake damuna sosai.

To fara da mutumin kafin ka taɓa maɓalli. A cire sarƙa, ɗan kunne, riga mai zif, rigar nono mai ƙarfe, duk fari tas za su fito su rufe abin da likita yake nema. In hoton ƙirji ne, ya manna ƙirjinsa da farantin da ke karɓar hoton, hasken ya shigo ta bayansa, domin zuciya a gaba take, in ka juya shi sai ta fito ƙatuwa a zaci ta kumbura alhali lafiyarta ƙalau. Ya turo kafaɗu gaba, ya ja numfashi sosai ya riƙe. Dan Allah ka gwada wannan da shi tukuna, musamman tsofaffi, sau da yawa kana cewa riƙe su kuma lokacin suke saki. Da hoton ya fito ka ƙirga haƙarƙarin baya, in ka ga kamar 10 to numfashin ya cika, sannan ka duba ƙasusuwan nan biyu na ƙasan wuya, tazararsu da ƙashin baya ta zama ɗaya hagu da dama, in ba haka ba ya karkace.

Tazarar da ke tsakanin bututun da hasken ke fitowa da farantin ma kar ka yi ta da ka. Ƙirji santimita 180, yawancin na kan tebur 100. In ka ninka tazarar, hasken da ke isa farantin zai koma kashi 1 cikin 4 ne kawai. Wurin da za a ɗauka kuma ya kwanta jikin farantin, duk ratar da ka bari girma za ta ƙara masa gefensa ya yi dishi-dishi.

Sai kVp da mAs, nan ne sababbi suke rikicewa. kVp ƙarfin ratsawa ne, mAs kuma yawan hasken. Hannu kVp 50 zuwa 60 ya ishe shi, ƙashi ya fito fari nama ya bambanta sarai, amma ƙirjin babba ana kai shi 110 zuwa 125 don a hango huhu ta bayan haƙarƙari da zuciya. In ƙarfin bai ratsa ba, ko nawa ka zuba mAs ba zai gyara ba. In kuwa mAs ne ya yi kaɗan hoton zai fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Akwai ƙa'idar kashi 15 cikin 100, ka ƙara kVp da haka ka raba mAs biyu, hasken da ke kan farantin kusan ɗaya ne, kuma lokacin ɗauka ya gajarta, wannan yana taimako ƙwarai da yaro ko mai rawar jiki.

Hasken da ya warwatsu a cikin jiki shi ne ke sa hoto ya yi hazo. Maganinsa ka matse kolimeta, wato abin da ke taƙaita faɗin hasken, iya wurin da ake buƙata, ni a ganina wannan ce gyara mafi sauƙi kuma ita aka fi yi wa kasala. Wuri mai kauri sama da santimita 10, kamar ciki ko ƙugu, ka sa girid, wato faifan da ke tare hasken da ya warwatsu kafin ya isa farantin, amma ka daidaita shi da tsakiyar hasken, in ya karkace hoton zai dushe, kuma da girid dole mAs ya ƙaru, shi ya sa ba a sa wa jarirai.

Na'urar dijital kuma tana da tarko. Kwamfuta tana gyara hasken hoto da kanta, ko ka zabga wa mutum radiyeshin fiye da kima hoton zai fito kyakkyawa ba wanda zai gane. Saboda haka duk ɗauka ka leƙa lambar da na'urar ke nunawa ta yawan hasken da ya isa farantin, ka gwada ta da wadda kamfanin ya tsara wa wannan gaɓar, in kullum tana nuna hasken ya yi yawa ka rage mAs. Alamar L ko R kuma, wato hagu ko dama, ka ɗora ta kan farantin tun kafin ka ɗauka, kar ka bari sai a kwamfuta.