Abin Yi Idan Faifan Ajiyar Kwamfuta Ya Cika

Duk mai shagon buga takardu a Ringim ko Gumel ya san ranar da faifan da yake ajiye kwafin aikinsa zai ƙi karɓar komai. Kada ka yi gaggawar goge komai a ranar. Ka fara duba abin da ya cinye wurin, domin galibi bidiyon biki ne da hotunan da aka kwafa sau biyu ko uku, alhali takardun filaye da sakamakon jarrabawar ɗalibai ba su cin wuri sosai.

Idan kana amfani da File History na Windows, wato tsarin da yake ajiye kwafin fayilolinka a wani faifai da kansa, akwai wurin share tsofaffin kwafi, inda za ka zaɓi a cire waɗanda suka wuce shekara guda a bar sababbi. Ka yi wannan lokacin da batirin sola ya cika, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya lalata fayil.

Takardun da ba ka da madadinsu kuwa, ka ɗora su a Google Drive, wato ma'ajiyar Google da ke intanet, wanda yake ba da gigabait 15 kyauta. Kafin ka goge tsohon kwafi, ka buɗe sabon ka tabbatar yana buɗuwa.