Yadda za ka tattara tarihin tsohon mawaƙin unguwarku tun yana da rai

Dr. Adamu Ɗanmaraya ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015 a nan Jos, shi kam mun yi sa'a an sha hira da shi a rediyo da talabijin, kowa ya san a Bukuru aka haife shi a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Amma masu kukuma da gurmi da kalangu nawa ne a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Barikin Ladi da suka yi wa leburorin kuza da direbobi da mahauta waƙa shekara da shekaru, ga mata masu amada da kiɗan ƙwarya, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su komai? Wasu suna nan da ransu wallahi, kuma wayar da ke hannunka ta isa ka fara.

Kar ka faɗa wa dattijo da waya a hannu ranar farko. Nemi wanda zai kai ka, ɗansa ko mai unguwa ko tsohon ɗan amshinsa, ka je da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ka gaishe shi Baba ina wuni, ka faɗi ɗan gidan wa kake da abin da ya kawo ka, shikenan ka tashi. Da yawansu sun ajiye kiɗa, wani ma zai ce maka ya tuba ba ya son a tayar da maganar, to kar ka matsa masa ya yi waƙa, ka ce labarin zamani kawai kake so. In ya ce a'a ka yi godiya ka bar shi.

In ya amince, sa wayar a yanayin jirgi don kar kira ya katse maka ɗauka, ka zo da caji cike, ku shiga ɗaki nesa da titi da ƙarar janareta, hantsi ko bayan la'asar ya fi. Kafin komai ka faɗi kwanan wata da inda kuke, shi kuma ya faɗi sunansa da bakinsa ya ce ya yarda a ɗauka.

Tambayar "Baba ba mu tarihinka" ba ta kawo komai, minti biyu zai gama ya yi shiru. Tambaye shi gado ya yi ko haye, wa ya fara ɗora masa hannu a kan kayan kiɗa, wa yake ɗaura masa fata in ta fashe, a wane gidan biki ko wace tasha ya fara samun kuɗi kuma nawa aka ba shi. Batun shekara kuwa nan ne aikin yake, don tsofaffinmu ba sa riƙe lissafin boko amma suna riƙe zamani daram. Sai ka ce wannan waƙar kafin a kashe Sardauna ne ko bayan, ka san Janairu 1966 kenan. Lokacin yaƙin basasa ne, 1967 zuwa 1970. Da fam da sule aka yi maka kari ko da naira, don naira ta shigo a 1973. Ana tuƙi ta hagu ko an koma dama, wannan 1972 ne. Ana cewa Benuwai-Filato zamanin Gwamna Gomwalk ko an riga an yanke jihar Filato a 1976. Da haka za ka matse shekarar waƙa ba tare da ka ƙirƙiro ta ba, inda kuma ba ta matsu ba ka rubuta wajajen kaza, kar ka sa lambar da ba ka tabbatar ba don gobe wani ɗalibi zai kwafa ya sa a kundinsa.

Abin da na fi so a duk aikin nan shi ne kunna masa waƙarsa kana tsayarwa baiti baiti. Duk sunan da ya ambata ka tambaya wane ne, me yake sayarwa, wace mota yake ja, me ya ba ka har ka sa shi a waƙa. A nan za ka ji tarihin Jos da ba ya cikin littafi ko ɗaya, sunayen dillalai da sarakunan tasha da magajiyoyi. Sai dai in ya warware maka habaici ko zambo ya faɗi da wa yake, ka riƙe a ajiyarka kar ka watsa, 'ya'yan mutumin suna gari.

Kar ka tsaya a kansa shi kaɗai. Mawaƙi irin Shata mai tawagar makaɗa da 'yan amshi, su ne suka san yadda aka haɗa waƙa a mota kan hanya, amma irin Ɗanmaraya da ke yi shi kaɗai da kuntiginsa dole ka koma wurin iyali da abokan yawo. Matan gida su ne sau tari ke ajiye hotuna da kaset a ƙasan akwati, in kai namiji ne ka tafi da yayarka ko ƙanwarka ta shiga ciki.

Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye kar ka jefa shi cikin rediyo kai tsaye zai iya cinye zaren, fara juya shi da biro a hankali ka ga ko ya manne ko ya yi fumfuna. In lafiya yake, haɗa rediyon da kwamfuta da kebul ka ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce, ka ajiye a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, ka ɗauki hoton bangon gaba da baya. Faifan garmaho a tsaye ake ajiye shi kuma nesa da rana. Ka mayar wa masu shi da kayansu tare da kwafi a memori.

Ajiye abin a wuri uku, waya kaɗai ba ajiya ba ce. Ka leƙa Jami'ar Jos ko gidan tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952 ko Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke nan garin ko cibiyar adana tarihi ta Arewa House a Kaduna ka tambaya ko za su karɓi kwafi. Sannan ka sani a dokar Najeriya haƙƙin waƙa yana hannun mai ita, bayan rasuwarsa kuma yana hannun magada har shekara 70, saboda haka kafin ka ɗora a YouTube ko TikTok ku zauna da shi ko da 'ya'yansa, a rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ce, a faɗi wa zai karɓi kuɗin in sun shigo.