Kurakuran da aka fi yi a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta hamada

Yawancin wahalar da mutane ke sha a irin wannan wuri tana farawa ne daga ɗaukarsa kamar kwamin wanka na otal. Ruwan nan daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, babu wanda ya daidaita zafinsa, ga iskar hamada da ke tsotse ruwan jiki ba tare da an ankara ba.

Kuskuren farko shi ne faɗawa ruwa ba tare da an gwada ba. Zafin da ya dace da jiƙa jiki bai wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas ba, amma a bakin idon ruwan yana iya haura 60, wanda ke ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu. Ko a kududdufi ɗaya zafin ba ɗaya ba ne: wajen da ruwa ke shigowa ya fi zafi, can nesa ya fi sauƙi. A tafi da ƙaramin ma'aunin zafi. In babu, a fara sa hannu, a shiga daga ɓangaren nesa a hankali. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi sosai kada ya gwada da ƙafa, domin zai iya ƙonewa bai sani ba. Kuma kada a taka farar ƙasar da ta daskare a gefen idon ruwa. Wani lokaci ɓawo ne kawai, tafasasshen laka na ƙarƙashinsa.

Sai daɗewa a ciki, kuma wannan ne ya fi kayar da mutane. A cikin ruwan zafi jiki na ta gumi, amma gumin ba ya bushewa balle ya sanyaya mutum, ba a kuma ganinsa. Jijiyoyin jini suna buɗewa, matsin jini ya sauka, da an miƙe da sauri sai jiri ya ɗebi mutum a kan dutse mai santsi. Minti 15 zuwa 20 ya isa. A fito a zauna a inuwa, a sha ruwa, in jiki ya huce a koma. Wajen fitowa a fara zama a bakin kududdufin na kamar minti ɗaya kafin a tashi tsaye. Ciwon kai, tashin zuciya ko bugun zuciya da sauri alama ce ta a fita nan take. Ruwan sha kuwa a tanadi aƙalla lita 4 ga kowane mutum a rana, kada a jira ƙishirwa. Barasa tana ƙara duk wannan haɗari. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jini su tambayi likita tukuna. Ƙananan yara jikinsu ya fi saurin ɗaukar zafi, don haka mintunansu kaɗan ne, a ruwa mai ɗumi kawai.

Akwai wani kuskure da mutane ke rainawa, alhali shi ya fi muni: nutsar da kai. Ruwan ɗumi da ba a sa wa magani ba na iya ɗauke da ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri, wadda ke bi ta hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita ba kasafai ba ne, amma kusan duk wanda ya kamu ba ya tashi. Kariyar ba ta da wuya: kai ya tsaya sama da ruwa, ba tsalle, ba watsa wa juna ruwa a fuska, ba shaƙa shi a hanci ko da wajen alwala ne. Kada kuma a sha shi, don wasu maɓuɓɓugan na da ma'adanai masu cutarwa. Mai sabon rauni ya haƙura.

Zoben azurfa a cire shi, farar wutar da ke cikin ruwan, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana baƙanta shi. In ya riga ya yi baƙi, ɗan man goge baki da tsumma mai laushi na dawo da shi. Sabulu da kwalba ba su da wuri a kududdufi. A yi wanka kafin a shiga, a kuma ɗauraye bayan an fito, domin gishirin ruwan na busar da fata.

Hanya ma tana da nata kurakuran. Sau da yawa babu sabis, babu gidan mai, babu kanti a kusa. A cika tanki, a duba safaya da jak, a sauke taswira a waya tun daga gida, a faɗa wa wani ranar dawowa. In mota ta lalace a tsaya kusa da ita, kada a taka da ƙafa cikin rana. Kada a kafa tanti a busasshen kwari, ruwan da aka yi a nesa na iya zuwa da ambaliya ko da sama na garau.

Da rana ta faɗi sanyin hamada na sauka da sauri, jiƙaƙƙen jiki kuma ya fi jinsa. A ajiye busasshen tawul, rigar sanyi da tocila kusa da ruwan, a kuma kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa saboda kunama.