Sababbin zuwa Ditroit, ku san titin I-375 kafin ku fara tuƙi

'Yan uwa, wanda duk ya sauka Ditroit ta Amurka ya samu lasin, cikin satin farko sai taswirar waya ta jefa shi kan I-375, to gara ku san shi tun yanzu. Ɗan guntun titi ne, mil ɗaya da ɗan ɗoriya, wajen kilomita 1.7, ya ɓalle daga I-75 ya gangara kudu cikin gari ya ƙare a Jefferson Avenue kusa da kogi, daf da dogayen benayen nan na Renaissance Center. Kafin ka gama gyara zama ya ƙare.

Lambar ma tana da ma'ana. A Amurka in ka ga lambar babban titi mai alƙaluma uku kuma na farkon mara ne, irin 3 ɗin nan, yawanci reshe ne da zai kai ka cikin gari ya dire ka, in kuwa cika ce kamar I-275 to zagaye gari yake yi.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne ƙarshensa. Kana sauka Jefferson ka yi yamma kaɗan ga bakin ramin da ya bi ƙarƙashin kogi zuwa Windsor, wato Kanada fa, wata ƙasar daban, kuma in ka kutsa layin babu wani ribas, sai ka amsa tambayoyin jami'an iyaka, mai bizar shiga sau ɗaya ko wanda takardunsa ke kan hanya wallahi yana iya shiga uku a kan kuskuren minti ɗaya. Ka ga allo da sunan Kanada, bar wannan hannun ko da waya na ta ihu.

Tarihinsa kuma ba daɗi. A 1964 aka buɗe shi, kuma inda aka haƙa shi nan ne Hastings Street take, cibiyar kasuwancin baƙaƙen fata na unguwannin Black Bottom da Paradise Valley, shaguna da coci-coci da gidajen kiɗa, duk aka rushe aka watsa mutane. Sunan Black Bottom daga baƙar ƙasar noman wurin ya samo asali tun kafin baƙaƙe su cika unguwar. Dattawansu har yau abin na musu ciwo, don haka in hira ta biyo ta nan a wurin aiki ka saurara kawai, kar ka ce ai titi ci gaba ne.

A 2022 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 104.6 don a cike ramin da aka haƙa I-375 a ciki a mai da shi titin gari daidai da sauran tituna, shi ya sa kafin ka fita duba taswira ko an rufe wani hannu. Ranar da ake wasa a filin wasa na Ford Field ko na Comerica Park da ke kusa da titin kuwa, ni dai ban bin sa sam, cunkoson sai ya sa ka rasa la'asar.